Abin da Steve Kerr ya koya min game da 'yan benci

Duk wanda ya taɓa horar da yara ƙwallon kwando ya san biyar ɗin da ke cikin fili ba su cika ba da ciwon kai ba, matsalar tana wajen sauran da ke zaune a benci suna kallo, sun zo tirenin kullum, sun sha rana, sun yi gumi, ranar wasa kuma ko minti ɗaya ba su samu ba. Ni dai tun da na daina buga wasa na koma koyar da 'yan sakandare, babu kocin da nake waiwaya in duba yadda yake tafiyar da wannan al'amari kamar Steve Kerr na Golden State Warriors.

Dalili kuwa shi ne mutumin shi kansa ɗan benci ne. A 1988 sai a zagaye na biyu Phoenix Suns suka ɗauke shi, na 50 a jeri, ya yi shekara 15 a NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, amma kusan duk wasanninsa daga benci yake tasowa, makinsa a wasa bai wuce shida ba in an raba. Abu ɗaya ya iya sosai, jifan maki uku, kuma har yau kashi 45.4 cikin ɗari da ya bari shi ne mafi girma a tarihin gasar. Da wannan ya ci kofi uku da Chicago Bulls a 1996, 1997 da 1998, ya ƙara biyu da San Antonio Spurs a 1999 da 2003. A fainal ɗin 1997 da Utah Jazz, wasa na shida, saura daƙiƙu kaɗan aka yi wa Michael Jordan rubdugu, ya miƙa wa Kerr ƙwallo, shi kuma ya zura. A 2003 yana da shekara 37, da kyar ake sa shi a wasa, kocin Spurs Gregg Popovich ya tashe shi a karawarsu da Dallas ya jefa maki uku har sau huɗu ya juya wasan. To ka ga wanda ya rayu haka ya san zafin zaman jira, ya san yadda mutum yake riƙe kansa a shirye alhali babu tabbacin za a kira sunansa.

Gwanaye da yawa wannan ne ba su sani ba. Shahararren ɗan wasa Magic Johnson ya karɓi aikin kocin Lakers a 1994, wasa 16 ya yi, ya ci biyar ya sha kashi a 11, ya ajiye aikin. Ba raina shi nake ba wallahi, a fili kam samun kamarsa sai an tona, amma wanda abu yake zo masa cikin sauƙi yakan kasa gane me ya sa yaro ya kasa ba da fasin ɗin da shi yake gani ƙarara.

Da Kerr ya karɓi Warriors a 2014, bai taɓa horar da ko wace ƙungiya ba, aikin sharhi a talabijin ya yi da kuma manajan Phoenix daga 2007 zuwa 2010. Cikin abubuwan farko da ya yi har da roƙon Andre Iguodala ya koma benci domin Harrison Barnes ya riƙa farawa, kuma Iguodala ɗin nan shekara goma yana NBA bai taɓa fara wasa daga benci ba. Maganar nan ba ƙarama ba ce, amma da yake mai faɗar ya yi zaman da kansa, ta shiga. A fainal ɗin 2015 Cleveland sun ci wasa biyu Warriors sun ci ɗaya, sai wani ƙaramin ma'aikaci mai haɗa bidiyon wasanni, Nick U'Ren, ya kawo shawarar a cire dogon ɗan wasansu Andrew Bogut a fara da Iguodala. Kerr ya ɗauka, suka ci wasa uku a jere, kofin farko na ƙungiyar tun 1975, Iguodala ya zama gwarzon fainal. Abin da ya fi burge ni ma, gaban 'yan jarida Kerr ya faɗi sunan yaron ya ce shawararsa ce. Shugabanni nawa ne a wuraren aikinmu za su yi haka? Galibi sai dai ka ji oga ya ce dama tun jiya yake tunanin abin.

Daga nan na ɗauko wasu abubuwa da nake yi yanzu. Kafin ranar wasa nakan ja yaron da na san ba zai fara ba gefe, mu tsaya bayan sandar kwando inda sauran ba sa ji, in ce masa gobe ba da kai zan fara ba, amma lamba bakwai ɗinsu da hagu yake wasa, ka sa masa ido, in na kira ka shi ne aikinka. Nan take za ka ga fuskarsa ta canja, ranar wasa kuma yana zaune a bakin benci da takalminsa a ɗaure, idonsa na kan mutum ɗaya. Akwai wani yaro da ba shi da tsawo sam, shi ke riƙe mana littafin maki, rannan a hutun rabin lokaci ya matso a hankali ya ce "Koci, duk sanda muka matsa musu tun daga rabin fili sai sun zubar da ƙwallo, sau huɗu na ƙirga." Muka matsa, haka ɗin ne kuwa, kuma da muka taru bayan wasa na sa ya maimaita maganar da bakinsa gaban kowa.

A Fabrairun 2018 Kerr ya miƙa wa 'yan wasansa allon tsara wasa a karawa da Phoenix, su ke zana dabara a lokacin hutu, suka ci 129 da 83. Wasu sun ce raini ne ga abokan hamayya, ni kuma ina ganin ya lura muryarsa ta fara gundurar su ne, sai ya ja baya. Haka mataimakansa, Luke Walton ya riƙe ƙungiyar wasa 43 a kakar 2015 zuwa 2016 lokacin da ciwon baya ya kwantar da Kerr, kakar da suka ci wasa 73. Mike Brown ma mataimakin Kerr ne a Warriors sanda ya jagoranci D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021, Kerr yana ɗaya ɓangaren a matsayin mataimakin Popovich, kocin Amurka a lokacin.

Yanzu a tirenin ɗin ƙarshen mako minti goma na ƙarshe na 'yan benci ne, su ke zaɓar tsarin da za a gwada, biyar ɗin farko kuma su tsaya su tare su.