Godiya ga 'yan kwayarmu (ƙungiyar mawaƙa) da duk wanda ya zo sauraro

Muryata a dishe take har yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuta godiyar nan maimakon in bi ku ɗaya bayan ɗaya. Taron waƙar da muka yi wata huɗu muna shiryawa ya zo ya wuce lafiya, mun gode wa Allah.

Mu 27 ne, kuma babu wanda waƙa ce sana'arsa. Akwai tela, akwai direba, akwai malamar makaranta, ga ɗalibai, ga dattawa biyu da suka yi ritaya. Masu iya karanta rubutun kiɗa a cikinmu ba su kai biyar ba. Sauranmu da do-re-mi muke koyo, hanyar da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 saboda irinmu da ba su taɓa shiga ajin kiɗa ba.

Waɗanda suka halarta sun ga abin da ya faru a waƙa ta uku. Muna tsakiyar baiti kibod, wato piyanon lantarki, ya yi tsit. Gabana ya faɗi. Duk wanda ya taɓa waƙa cikin kwaya ya san cewa idan babu kayan kiɗa, murya takan riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan ba a ankara ba, musamman in gajiya ta shigo, numfashi ya gajarta. Malam shugaban kwaya bai ko juya ba. Ya ɗaga hannu muka tsaya, ya zaro ɗan ƙarfen nan nasa mai baki biyu daga aljihu, wanda ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa ya ba da sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi. Ya buga shi a gwiwa, ya kara a kunne, ya raɗa wa kowane sashe muryarsa, muka ɗauko daga farko. Malam, mun sha yi maka dariyar ƙarfen nan, ka yafe mana.

Amma babbar godiyata ga 'yan alto take, wato mata masu rera murya ta ƙasa. Jama'a sofrano, masu siririyar murya ta sama, suke ji, su ake yi wa tafi, masu bas kuma kaurin murya ya ishe su talla. Ku kuwa sai a ba ku sauti ɗaya ku riƙe har layi ya ƙare, ba wanda zai ce sannu. Ina tsaye a bayanku tare da 'yan teno, wato maza masu rera murya ta sama, na ji lokacin da muka fara sauka, na kuma ji yadda kuka ƙi binmu har muka dawo hanya. Mama, ke da kika zo da mura, kika yi ta kurɓar ruwa tsakanin waƙoƙi, Allah Ya ƙara lafiya.

Mun gode wa waɗanda suka ara mana ɗakin taro, da samarin da suka jera kujeru suka kwashe, da iyalanmu da suka haƙura da jin baiti ɗaya sau ɗari a gida. Masu sauraro kuma, da kuka yi shiru kuka jira mu ba tare da kowa ya tashi ba, Allah Ya saka da alheri.

Za mu huta mako biyu kafin mu koma gwaji. Muna neman ƙarin maza masu teno, mu huɗu ne kacal. Wanda kuma ya tafi da fayil ɗina mai baƙin bango, don Allah ya dawo mini da shi, takardunmu duka suna ciki.