Bangon zaure da iskar hunturu: inda aikin dandamalinmu ya tsaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wannan sana'a. Yau kwana 18 ke nan da na fara haɗa kayan dandamali na wasan kwaikwayon da ɗalibanmu za su gabatar a nan Garwa ta ƙasar Kamaru cikin makon matasa, gabanin bikin Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu.

Wasan yana buƙatar wurare biyu, zauren mai unguwa da rumfar kasuwa, kuma masu sauya su tsakanin fitowa da fitowa yara ne 'yan shekara 13 zuwa 15. Saboda haka tun farko na yanke cewa duk abin da yara biyu ba za su ɗauka ba sai da nishi, ba zai hau dandamali ba. Kafintan da nake koyo a wurinsa ya hana ni iroko duk da ƙwarinsa, ya ce in nemi ayus, farin katakon nan da ake kawowa daga dazuzzukan kudu, wanda nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na iroko ba. Yana karɓar ƙusa ba ya tsagewa, sai dai gara tana son sa, don haka ba na barin sa ya kwana a ƙasa.

Kuskurena na farko a kan tsayi ne. Fallen filawud yana zuwa da faɗin santimita 122 da tsawon 244, ni kuwa na ga asara ce in yanke shi, sai na kafa shi yadda yake a kan firam, na yi masa gajerun ƙafafu biyu. A cikin aji ya tsaya cak. Ranar da muka fito da shi tsakar makaranta don gwaji, iskar hunturu ta buso sau ɗaya, bangon ya kife ta gaba, daidai wurin da mai unguwa zai zauna da fadawansa. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Abin da ban lissafa ba shi ne, rashin nauyin da ya sa yara ke iya ɗaukar bangon, shi ne kuma ya sa iska ke iya ture shi, domin fuska ce mai kusan murabba'in mita uku ba tare da komai ya riƙe gindinta ba.

Na rage tsayin zuwa santimita 200. A bayan kowane bango na haɗa tokari mai kusurwa uku, gindinsa santimita 80, na ɗaure shi da hinji yadda za a naɗe shi idan an zo ɗauka, sannan na ɗora masa buhun yashin Binuwai, rabin buhu kawai, don yaro ɗaya ya iya janye shi. Bango biyu kuma na haɗa su da hinji suna buɗewa kamar littafi, kuma idan aka tsayar da su a kusurwa, kowanne yana tokare ɗan'uwansa. Yanzu nakan jingina da kafaɗata in tura, in bai motsa ba sannan in yarda da shi.

Tayoyin da na sa wa bangayen na cire su gaba ɗaya, ko da yake na kashe musu kuɗi. Dandamalinmu benci ne da alluna, ba shi da santsi, taya mara birki kuwa tana tafiya lokacin da ba a aike ta ba. Na maye gurbinsu da hannun igiya a kowane gefe.

Rumfar kasuwa na so in yi mata rufin zana domin ta fi kama da gaskiya, amma busasshiyar ciyawa kusa da wayar janareto a wannan lokaci na shekara ba abin wasa ba ce, sai na shimfiɗa yadin akoko na zana masa ciyawar da fenti. Daga layi na biyar na 'yan kallo ba mai bambancewa.

Abin da ya rage shi ne goge gefuna da sanfefa, da bin bayan kowane firam da tafin hannu don neman bakin ƙusar da ya leƙo, domin yawancin yaran ba takalmi za su yi wasan. Ranar Asabar kuma za mu shata wa kowane bango wurinsa da alli a ƙasa, mu gwada sauya zaure zuwa kasuwa da yara huɗu, ina riƙe da agogo.