Ranar da na taka ƙasan teku a Karoo

Da asuba muka bar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, mu takwas cikin mota biyu. Bayan mun wuce garin Ceres da ɗan nisa kwalta ta ƙare, muka hau burjin R355 da ya yi ƙaurin suna wajen cin taya. Ai kuwa kafin azahar ya ci mana ɗaya.

Tankwa Karoo fili ne fetal, busasshe ƙayau, ba inuwar da za ka raɓa. Amma duwatsun Skoorsteenberg da muka zo gani, fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce a ƙarƙashin ruwa mai zurfi suka kwanta.

Malamarmu, wata dattijuwa mai ƙatuwar malafa, ta tsuguna ta ce in shafa jikin dutsen. Daga ƙasa yashin da kaushi, ina yin sama yana ƙara laushi, har ya koma baƙar laka. Kaurinsa duka bai wuce kamu ɗaya ba. Ta ce zubowa guda ce wannan. Yashi kan taru a bakin gangaren teku, girgizar ƙasa ko ambaliya ta ture shi, ya gangaro da gudu haɗe da ruwa, mai nauyi ya riga kwanciya. Nan take na tuna Inna tana rairayar shinkafa, tsakuwa na zama a gindin ƙwarya.

Wallahi sai a ranar na fahimci aikin neman ɗanyen mai da na yi shekaru ina yi a gaban kwamfuta. Mai yana zama ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin, lakar kuma ita ce murfi. Daga cikin irin wannan yashin ake haƙo mai a filin Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, ƙarƙashin ruwan da ya haura mita 1,000, tun 2005. A can hoto dishi-dishi kawai na'ura ke ba mu, kuma rijiya ɗaya miliyoyin daloli take lashewa.

Muka bi shimfiɗa ɗaya da ƙafa har la'asar. Tana siracewa a hankali, daga tsayin mutum zuwa taƙi, sannan ta ɓace cikin laka. Da a nan aka dasa rijiya, an yi asara ke nan.

Da dare ina kakkaɓe takalmi, na riƙa tuna jan ruwan kogin Kaduna a watan Agusta, yana kwasar ƙasarmu zuwa kogin Neja, daga nan sai teku.