Mako na shida ina sauraron rana daga Unguwar Rimi

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki na sauraron siginar rediyo da ke fitowa daga rana, eriyar waya da na ɗaura a bayan gida, mai tsawon kusan mita 7 domin kama megahaz 20.1 kamar yadda shirin Radio JOVE na hukumar NASA ya tsara, ta fara ba ni abin da zan iya tsayawa a kai. Makonnin baya duk sun tafi wajen faɗa da hayaniyar inbata da janaretan maƙwabta, har sai da na matsar da wayar nesa da bangon da batura suke.

Ranar Laraba bayan azahar ƙara ta taso cikin lasifika kamar saukar ruwa a kan kwanon rufi, ta yi daƙiƙu kaɗan, sannan ta lafa. Na nema a bayanan tashoshin e-CALLISTO, masu zana siginar rediyon rana daga sassan duniya, na rasa, sai daga baya na tuna cewa agogonmu yana gaban agogon duniya (UTC), wanda tashoshin ke amfani da shi, da awa ɗaya. Da na gyara, sai ga zane ya gangaro da sauri daga megahaz masu yawa zuwa kaɗan, wato nau'i na uku a rabe-raben ƙarar rediyon rana da masanin taurari Paul Wild ya kafa a Ostareliya a 1950.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ma'aunin hasken eksire (X-ray) na rana da ke kan tauraron ɗan'adam na GOES bai motsa sosai ba a wannan lokacin, alhali ni a zatona ba a samun irin wannan ƙara sai da babbar fashewa a rana mai darajar M ko X, wato matakai biyu mafi ƙarfi. Zaton nawa ne ba daidai ba. Hotunan tauraron Yohkoh, wanda Japan ta harba a 1991, sun nuna cewa abin da ya fi haskawa da eksire a rawanin rana, wato iskar da ke kewaye da ita, shi ne rufaffun layukan maganaɗisu masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda suka tsare iska mai zafin miliyoyin digiri. Su kuwa ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, masu haddasa nau'i na uku ta buɗaɗɗun layuka suke tserewa, da gudun kusan sulusin na haske, sau da yawa tare da ɗan siririn feshin eksire da jimillar ma'aunin GOES kan haɗiye shi. Yayin da suke nisa da rana iskar tana ƙara yin shara-shara, shi ya sa adadin megahaz ɗin siginar yake sauka.

Yanzu na koma rubuta lokaci da agogon duniya kaɗai a littafina, kuma ina dakon nau'i na biyu, wanda saukarsa kan ɗauki mintuna.