Wane ne sarkin jan baki?

Ina da shekara 11 Baba ya fara tura ni tsaron shinkafa a fadamar Argungu. Da zarar shinkafa ta fara nono sai mu yi asubanci, ga majajjawa a hannu, ga igiyar da muka jera wa gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Tsuntsayen jan baki ba sa zuwa ɗai-ɗai. Daga bakin gulbi za ka hango su kamar hayaƙi, su miƙe, su lanƙwashe, su dunƙule, duk a lokaci guda, kuma ba wanda ke karo da ɗan'uwansa. Wata rana na ce, "Baba, wane ne sarkinsu?" Ya ce, "Na gaba mana." Na zuba ido kwana da kwanaki, sai na lura da zarar sun juya, na gaban ya koma gefe, wani ya maye gurbinsa.

Tambayar ta zauna mini a rai har na girma. Sai daga baya na ci karo da aikin wasu masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Parisi, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021. Sun kafa kyamarori a kan rufin wani gini a birnin Rum, suna ɗaukar wasu tsuntsaye da ke cika sama da yamma lokacin sanyi, suna auna inda kowane ɗaya yake. A 2008 suka bayyana cewa kowane tsuntsu maƙwabtansa shida ko bakwai kawai yake kula da su, ko sun matso ko sun ɗan yi nisa. Ɗaya ya ga shaho ya kauce, na kusa da shi su bi, nasu maƙwabtan su bi, kafin ƙiftawar ido labari ya ratsa dubbai. Tsuntsayensu daban ne da namu, amma wallahi abin da na gani a fadama ke nan. Babu sarki, tsarin daga cikinsu yake tsirowa.

Kanmu ma haka yake. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a ƙwaƙwalwa, kowace tana sauraron waɗanda take haɗe da su, babu ɗayar da ke ba sauran umarni, amma ga shi kana karanta wannan kana fahimta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zancen gwangwani. Ranar farko in na ja igiya, gaba ɗaya suke tashi. Bayan mako guda sai su ci gaba da cinsu, wasu ma a kan mutum-mutumin da muka sa wa tsohuwar rigar Baba suke sauka. Haushi ya sha sa ni kuka, ina ganin wahalarmu na tafiya a bakin tsuntsu. Claude Shannon, wani masanin lissafi a Amurka, ya nuna tun 1948 cewa ana iya auna labari, kuma nauyinsa gwargwadon yadda ba a zace shi ba ne. In na ce maka an yi zafi a Argungu cikin Afrilu, ban faɗa maka komai ba. In na ce an yi ruwan sama a Janairu, sai ka gyara zama. Ƙarar gwangwanina ta zama zafin Afrilu a kunnensu.

Yanzu ɗan yayana ke tsaron gonar. Da na je gida bana na ce masa kada ya bar mutum-mutumin ya kwana biyu a wuri ɗaya, igiyar ma ya daina ja a kai a kai, ya bari sai sun kusa sauka.