Fasinjan da Ba Ya Cikin Lissafi

Na daɗe ina hawa motar bas da ke haɗa wasu ƙauyuka da birni, kuma abin da na lura da shi shi ne kamfanin sufuri bai san da zaman kowa ba sai wanda ya sayi tikiti. Ɗalibin da ya haƙura da darasin yamma saboda motar ƙarshe tana wucewa kafin a tashi, da dattijuwar da ta ɗage ganin likita don ba ta da tabbacin motar dawowa, duk ba sa cikin lissafinsa. Idan shekara ta ƙare aka duba littafi, sai a ga kujeru babu kowa, a ce hanyar ba ta da fasinja, a rage sawu. Da zarar an rage, sai waɗanda suka saura su ma su nemi wata mafita, baɗi kuma a sake ragewa, har a wayi gari babu motar ɗungurungum.

Ingila ta ga irin wannan. Dokar sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki a Oktoban 1986, ta sakar wa kamfanoni mara a ko'ina ban da Landan, kowane ya zaɓi hanyar da zai bi da lokacin da zai bi ta. Hanyoyin da ba su da riba, waɗanda galibinsu na karkara ne, sai suka dogara da tallafin ƙananan hukumomi, kuma da aljihun hukumomin ya tsuke bayan 2010, waɗannan hanyoyi na daga cikin abubuwan da aka fara datsewa.

Tamu matsalar ba ta kai nan ba, amma ta ishe mu. Motar safe takan isa tashar jirgin ƙasa 'yan mintuna bayan jirgi ya tashi, har mukan hango wutsiyarsa ta taga, sannan mu zauna jiran na gaba kusan awa guda. Mun shafe watanni muna sauke fushinmu a kan direba, bawan Allah da ba shi ya rubuta jadawali ba, kuma ba shi da ikon matsar da minti ɗaya a cikinsa. Wata malamar makaranta ce ta fara zuwa da littafin rubutu, ta ce kowa ya riƙa sa hannu a ciki. Mun yi mako shida muna rubuta lokacin da mota ta iso, da yawan mutanen da suka hau, da waɗanda jirgi ya bari. Daga baya muka bi gida-gida muna tambayar waɗanda suka daina hawa dalilinsu, kuma a ganina wannan ne ya fi komai amfani, domin shi ne bayanin da kamfani ba shi da hanyar samu.

Da muka je gaban hukumar da ke ba da kwangilar hanyar, ba mu je da doguwar takardar koke ba. Abu biyu muka roƙa: a matso da tashin motar safe da minti goma, a kuma ƙara sawu ɗaya da yamma. Mun kuma kirdadi lokacin da ake shirin sabunta kwangila, domin idan an riga an sa hannu, sai dai a ba mutum haƙuri. A wurin ne muka ji abin da ba mu sani ba, wato motar da ke ɗaukar mu ita ce take fara kai yara makaranta, saboda haka matsar da lokacinmu zai taɓa nasu. Sai da aka yi zama uku kafin a daidaita.

Haɗa lokacin bas da na jirgi ba sabon abu ba ne. Tun 1982 Suwizalan ta tsara jadawalin da jirage ke tashi a minti iri ɗaya kowace awa, motocin bas na karkara kuma suna isowa daidai da su, ta yadda mutumin ƙauye zai iya haddace lokacin motarsa ba tare da duba takarda ba. A Holan kuwa, tun 1977 al'umma suka fara tafiyar da ƙananan motoci da kansu, Jamus ta bi sahu a 1985. Mota ce mai kujerun fasinja takwas, wadda 'yan sa-kai ke tuƙawa da lasisin ƙaramar mota, hukuma kuma tana taimakawa da kuɗi. Tsarin yana burge ni, sai dai ina ɗari-ɗari da shi, saboda yana iya ba hukuma damar sauke nauyinta a kan dattawan da suka yi ritaya, kuma ranar da suka gaji, hanyar ta mutu ke nan.

Mun samu minti goman nan. Sawun yamma kuwa an ce babu kuɗinsa a kasafin bana, kuma gaskiya ne wasu daga cikinmu sun ja jiki tunda tasu buƙatar ta biya, taron da kan cika ɗaki yanzu bai wuce mutum biyar ba. Malamar nan ta buɗe littafi na biyu, wannan karon na waɗanda dare kan yi musu a birni, kuma shi za mu kai zaman kasafi na gaba.