Wata shida ina bin sawun Tilak a Pune

Ina karatu a Pune, wani birni a Indiya, aka ce kowannenmu ya zaɓi mutum ɗaya ya rubuta tarihinsa. Na ɗauki Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, don na ji an ce masanin littattafan tsohon harshen Sansikirit ne da ya faɗa siyasa. Tun kafin in buɗe littafi na riga na yanke masa hukunci: malami ne ya ajiye karatu ya bi ihun taro.

Sai da na koma ɗan makarantar allo. Wata biyu ina haɗa baƙaƙen Dewanagari da ake rubuta Sansikirit da su, ina kasa raba "ka" da "kha", malamata tana dariya. Da na iya tattashiya, ashe littafinsa da nake nema, Gita Rahasya, ba da Sansikirit ya rubuta shi ba, da Marati ne, harshen jaridarsa Kesari da aka kafa a 1881. Gaggawa ce ta jawo mini wannan.

A 1908 Turawan Ingila suka ɗaure shi shekara shida a Mandalay, ƙasar Bama. A can, da fensir, ya rubuta Gita Rahasya, sharhi kan Gita, littafin addinin Hindu, aka buga a 1915. Hujjarsa ita ce Gita ba ta ce a guje wa duniya ba, cewa ta yi a tashi a yi aiki ba tare da sa ido kan lada ba. Nan hukuncina ya rushe. Mutumin bai bar littafi ba, da littafin ya yi siyasar.

Daga nan kuma sai ƙauna ta rufe mini ido. Na cika shafuka da yarjejeniyar Lakno ta 1916 da suka ƙulla da Muhammad Ali Jinnah, jagoran ƙungiyar Musulmin Indiya, na tsallake adawar da ya yi da dokar 1891 wadda ta ɗaga shekarun tarewa da yarinya daga 10 zuwa 12. Na kuma yi shiru kan da'awarsa ta 1903 cewa asalin masu Beda, wato tsofaffin littattafan Hindu, can ƙuryar arewacin duniya ne mai ƙanƙara, abin da masana ba su karɓa ba.

Malamata ta dawo mini da takardar, jan biro ko'ina. Ta ce, "Tarihi na sa ka, ba kirari ba." Mako uku na yi ina gyara, na mayar da duk abin da na ɓoye. Gitar kanta kuwa, har yau da fassara nake karanta ta.